Kakana Bai Taɓa Harba Igwa Ba

Bari in fara da laifina, kada wani ya riga ni faɗa. Bara, wata ranar Alhamis, muna buga ƙwallo a filin bayan Tandabawi, unguwarmu a Makka, wani yaro ɗan Hindawiyya ya cika mana kunne cewa kakansa ya taɓa kashe kura da sanda. Ni kuwa ina tsaron gida an zura mini uku, raina a ɓace. Sai na ce kura ai kare ce, nawa kakan shi ne mai harba igwa a jirgin yaƙin Turawa a kogin Binuwai, harbi ɗaya yake yi gari ya kwanta. Na faɗa ne don yaron ya yi shiru, ya kuwa yi. Na manta cewa magana a unguwarmu ta fi tasi gudu.

Kaka ya rasu makonni uku da suka wuce, bayan alhazai sun watse. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Ranar farko ta zaman makoki aka shimfiɗa tabarmi a lungunmu, aka ba ni butar gahawa in riƙa zagayawa. A nan ƙaryata ta dawo ta same ni, ta yi ƙiba, har ta haihu. Wani mai sayar da carbi ya riƙe hannun Babana ya ce, "Allah ya jiƙan Kaftin. An ce jirage bakwai ya nutsar." Wani direba ya gyara masa, ya ce goma sha biyu ne. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a tambaya ko gaskiya ne ƙarar igwa ce ta kashe masa kunnen hagu. Kunnen Kaka lafiyarsa ƙalau, abin da ba ya son ji ne kawai ba ya ji.

Mutum ɗaya ya faɗi gaskiya a ranar, Bahijazen nan mai furun, wato gidan gasa burodin tamis, inda Kaka ya yi aiki. Ya ce, "Azzamallahu ajrakum. Shekara talatin wutata tana hannunsa, ba ta taɓa mutuwa ba, ba ta taɓa ƙona mini tamis ba." Sai ya rufe fuska da gefen rawaninsa, ƙato da shi, kafaɗunsa suna rawa.

Duk wanda ya ce Kaftin, sai Baba ya ɗago ya dube ni, har na zuba wa limamin unguwa gahawa a ƙafa. Da aka tashi sallar magariba Baba ya kama kunnena ya ce, "Ya walad, bakinka ya ɓata, hannunka zai gyara. Ka zauna ka rubuta shi yadda yake, kafin a wayi gari a ce shi ya haƙa Bahar Maliya." To ga shi ina rubutawa.

Akwai wanda bai zo ba a ranar: Baba Tela, maƙwabcinmu mai ɗinkin huluna, aminin Kaka na shekara arba'in. Ƙofarsa taku goma ce daga tamu. Kowa ya lura, ba wanda ya tambaya, don kowa ya san dalili, kuma dalilin yana tsaye riƙe da butar gahawa.

Kaka gajere ne mai faɗin kafaɗa. Hannuwansa daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne, fari-fari kamar an yayyafa masa nono. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Kai, abokin gaba," haka yake cewa, wai ina neman ƙwace masa mata, tunda Iya, kakata, angonta take kirana. In na zauna cin abinci sai ya leƙo kwanon ya ce, "Iya, dubi angon naki. Ki rabu da shi, zai cinye ki da gida." Ni kuma in ce, "Tsoho, haƙoranka huɗu, da me za ka riƙe ta?" Sai ya yi dariya har huɗun su fito a ƙirga.

Wuta ce sana'arsa, amma ba da ido yake duba ta ba, kunne yake kasa mata. Iya tana can ciki ta ɗora buta, shi yana ƙofar gida, sai ya ɗaga murya ya ce, "Janye itace ɗaya, tana fushi." A je a duba, haka ne. In mutum ya zo masa da magana a gaggauce, yana haki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Saurara tukuna, bai tafasa ba." Ni na fi kowa jin wannan, wataƙila sau dubu a mako.

Da Baba ya sayo risho, aka yi rikicin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Kaka ya zagaya shi, ya sunsuna, ya ce wutar da ba ta da toka ba wuta ba ce, kuma ba zai ci abin da aka dafa a kanta ba. Iya ta ce, "Tayyib, kada ka ci." Ya yi kwana biyu yana cin busasshen tamis da shayi, yana hura hanci. A rana ta uku na kama shi a madafa, hannunsa cikin tukunyar shinkafa har wuya. Ya dube ni ya ce, "Ɗanɗanawa nake in tabbatar ba daɗi." Ya ɗanɗana rabin tukunya.

A furun kuma, in an gama gashin safe, matan unguwa marasa itace sukan kawo 'yan tukwanen wake, Kaka ya binne musu a gefen toka su nuna a hankali. Mai furun ya taɓa yin faɗa a kai. Kaka ya ce masa, "Ya shaihu, wutar ta gama aikinka. Yanzu nata take yi." Ba a sake maganar ba. Ranar makoki, uku daga cikin matan nan suka aiko da wake, muka ci har muka gaji.

Ni da kowa mun ɗauka tabon hannunsa na furun ne. Wata rana ina shafa masa man zaitun na ce, "Tsoho, burodin Makka ya cinye ka." Ya ce, "Wannan tabon ya riga zuwana Makka." Na matsa masa. Da kaɗan-kaɗan, yamma bayan yamma, ya ba ni labarin jirgin.

An ƙera shi a ƙasar Turawa, aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin babban jirgin teku, aka harhaɗa shi a bakin kogi kamar gadon ƙarfe. Gindinsa a shimfiɗe yake kamar faranti don kada ya kafe a yashi. A bayansa akwai wata ƙatuwar ƙafa mai fuka-fukan katako, tana juyawa tana dukan ruwa. Da farko fatauci yake yi wa wani kamfani, ya hau da gishiri da yadi, ya gangaro da man kaɗe da haure. Daga baya aka kafa masa igwa a goshi, da bindiga mai ruwa a saman rufi, aka manna masa faifayen ƙarfe a gefe, ya koma na yaƙi. Yana da suna na Turanci a rubuce a jikinsa, Kaka bai taɓa iya faɗa ba. Su 'yan wuta Mai Tari suke kiransa, don in aka ba shi ɗanyen itace sai ya yi ta tari kamar tsoho.

Kaka a lokacin gemu bai fito masa ba, yana sayar da itace a wata tasha a bakin kogi inda jirgin ke tsayawa lodi. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ɗan wuta ɗaya, aka nuna Kaka da yatsa aka ce ya shigo. Ya ce ya shiga ne kawai don ya ga abin da ke ciki. Ya yi damina huɗu a ciki, don jirgin sai ruwa ya cika yake tafiya.

Wurin aikinsa rami ne a ƙarƙashin bene, ba taga. Su biyu ne suke karɓa-karɓa a bakin murhu, a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar da ke tafasa ruwa ta ba injin tururi. Daga sama ake buga musu ƙararrawa: ɗaya a ƙara wuta, biyu a rage, uku a tsaya. Injiniyan, wani mutumin Saliyo mai ƙaton ciki, yana tsaye yana duban wani agogo mai allura ɗaya. In allurar ta kusa jan layi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba kowa salati yake yi. A can goshin jirgi wani Banufe yana riƙe da gora yana auna zurfin ruwa yana kira. Kaka ya ce muryar kawai yake ji. "An ce na zaga ƙasashe," in ji shi. "Ni dai bakin murhu na gani."

Na ce, "To ina yaƙin? Ni yaƙin nake jira."

Ya ce, "Saurara tukuna."

Sai da aka yi kwana uku sannan ya ba ni. Ya ce a daminarsa ta huɗu aka cika jirgin da sojoji, aka hau kogi. Wata safiya injiniya ya sauko da kansa ya ce yau ba ƙari ba ragi, a riƙe wuta daidai. Kaka ya yi mini bayani: igwa ba ta samun saiti sai jirgi ya tsaya cak, jirgi kuwa ba ya tsayawa cak a kogi mai gudu sai ƙafar nan ta baya tana dukan ruwa daidai da ƙarfin ruwan, ba ta fi shi ba, ba ta gaza ba. Wannan kuwa aikin mai wuta ne. Itace ɗaya ya yi yawa, jirgi ya matsa gaba. Itace ɗaya ya yi kaɗan, ruwa ya ja shi baya.

"Na riƙe ta," in ji Kaka. "Allurar nan ko motsi ba ta yi ba. Igwa tana magana a sama, tsatsa tana zubo mini a ka, ni ina zaɓen itace. Da aka gama injiniya ya dafa kafaɗata ya ce bai taɓa ganin mai wuta kamata ba. Na ji daɗi, abokin gaba. Wallahi na ji daɗi. Sai da yamma na ji sojoji suna faɗin sunan garin."

Da ruwa ya janye a shekarar, Kaka ya sauka daga jirgin, bai koma ba. Ya nufi gabas da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana aikin gona, can ya auri Iya, suka tsallako teku. Duk Hajji yakan bi tantuna a Mina yana tambayar alhazan bakin kogi labarin Mai Tari. Wani tsohon Banufe ne ya gaya masa cewa an cire igwar, jirgin ya koma kai wasiƙu, daga baya ya kafe a yashi wani rani aka bar shi a nan. Tukunyar ma an ciro ta, ana tara ruwa a ciki a wani ƙauye.

Ranar da Kaka ya tare a Tandabawi, maƙwabcin da ya fara kawo masa ruwan sha shi ne Baba Tela. Aka gaisa, aka tambayi juna gari. Baba Tela ya faɗi nasa. Garin da aka yi wa ruwan igwa ne.

Na ce, "Me ya hana ka gaya masa?"

Ya ce, "Ranar farko na ce bari mu saba. Da muka saba na ce bari in sami ranar da ta dace. Har yau ina nemanta." Sai ya kama hannuna ya ce kada in gaya wa kowa. Na rantse. Na riƙe sirrin kwana goma sha ɗaya, wanda a wurina ya kai shekara.

Kullum bayan la'asar Baba Tela yakan fito da hula da allura, Kaka ya fito da butar shayi, su zauna a ƙofarmu suna musu a kan ko shinkafar zamanin da ce ta fi ta yanzu. Shi yana kiran Kaka Sarkin Wuta, Kaka yana kiransa Tela kawai. Kwana uku bayan ƙwallon nan, Baba Tela bai fito ba. Washegari ma haka. Kaka ya zuba kofi biyu, ɗaya ya huce. A rana ta uku na kasa daurewa, na durƙusa na faɗi abin da na yi. Na so ya doke ni, da na fi samun sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Mai harba igwa? Ko kusa da ita ba a barin mu je."

Sai na yi dabara irin tawa. Na je wurin Baba Tela na rantse masa cewa duk ƙarya na shirya, Kaka ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, ruwan alwala ma tsoronsa yake ji. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Jikan nan, ƙaryarka ta farko ta fi wannan kyau. Wa ya gaya maka sunan kogin?"

Da Kaka ya ji inda na je, a ranar ne kaɗai na ga fushinsa. Ya sa babbar rigarsa, ya kama ni a wuyan hannu, muka tsallaka lungu. Ya yi sallama, Baba Tela ya amsa, bai ce a zauna ba.

"Tela, yaron nan ya yi ƙarya sau biyu. Ban harba ba. Amma ina ciki."

"Me kake yi a ciki, Alhaji?"

Ban taɓa jin ya kira shi Alhaji ba. Kaka ya faɗa masa duka, har zaɓen itacen, har yabon injiniya. Ni ina tsaye ina addu'a ya tsallake wannan, bai tsallake ba.

"Ka ga garin?" in ji Baba Tela.

"Ban gani ba. Ina ƙasa."

"To ni na ga jirgin. Hayaƙi muka fara hangowa bisa itatuwa. Mu yara muka ruga bakin kogi muna tafi, mun ga gida yana tafiya a kan ruwa. Yayata ta bar tulunta ta kamo ni, ta kai ni gida ta danƙa wa uwarmu, ta koma ɗauko tulun." Ya soke allura a jikin hular. "Ka san sauran. Sau nawa na ba ka labarin nan a ƙofar gidanka?"

"Da yawa."

"In na gama me kake cewa?"

"Allah ya jiƙanta."

"Sannan ka ƙara mini shayi."

Kaka ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ka yafe mini, Tela."

"Na wuta ko na shiru?"

"Duka."

"Na wuta ba nawa ba ne, nata ne. Na shiru kuwa nawa ne, amma ka bar ni tukuna. Kai ka ɗauki shekara arba'in kafin ka buɗe baki, shi ma sai da yaro ya buɗe maka. Ba za ka ba ni 'yan watanni ba?"

"A shekaruna, Tela, ba a yi wa mutum alkawarin watanni."

Baba Tela ya zaro allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Muka juyo. A hanya, cikin taku goman nan, Kaka ya ce mini, "Kada ka ji haushinsa. Gaskiyarsa ce." Sannan ya ƙara, "Kai kuma an ce uku aka zura maka. Ka bar tsaron gida, ba ka iya ba."

Watanni suka wuce a haka. In sun haɗu a masallaci sukan yi sallama, su yi musafaha da kan yatsu, kowa ya nemi sahunsa. Kaka bai sake zuwa roƙo ba, ya ce an ce a bar mutum tukuna, sai a bar shi. Amma bai daina fitowa bayan la'asar ba, kuma fuskarsa kullum tana duban ƙofar can. Ya daina musu, don ba abokin yi. Na gwada in maye gurbin, na ce shinkafar yanzu ta fi ta da. Ya ce, "Kai me ka sani, kai da ba ka taunawa."

Da Hajji ya zo Babana ya hana Kaka zuwa Mina, ya ce ya tsufa da tsayuwa gaban tukwane. Kaka ya ce to, to. Ranar tafiya aka neme shi aka rasa. Can aka same shi a bayan tantunan alhazan ƙasarmu, waɗanda yanzu jirgin sama ke kawowa cikin yini ɗaya, yana tsakiyar murhu goma yana yi wa masu dafuwa faɗa a kan jera itace. Ya dawo da tari da zazzaɓi, ya kwanta kwana shida.

Bai yi raki ba. Abu ɗaya kawai yake tambaya, kullum in an idar da la'asar: "Wa ya yi sallama?" Iya ta lissafa masa waɗanda suka zo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla," ya juya fuska bango. Sau biyu ina zuwa ƙofar Baba Tela ba wanda ya aike ni. Na farko bai buɗe ba. Na biyu na same shi a tsaye a bakin ƙofa, takalmi a ƙafarsa, sanda a hannu. Na ce, "Baba, jikin ya yi tsanani." Ya dubi ƙofarmu ya ce, "Gobe, in Allah ya so." Kaka ya cika washegari da hantsi, Iya tana riƙe da hannunsa.

Da son raina ne, da na rubuta cewa Baba Tela ya shigo da gudu a daidai lokacin, suka rungume juna, kowa ya yi kuka. Na iya tsara shi har ku yarda. Amma Babana zai karanta.

Sai a rana ta uku ta makoki ya zo, bayan la'asar, ana dab da naɗe tabarmi. Bai zauna ba. Ya tsaya gaban Babana ya jingina da sandarsa ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ku shaida, nawa na yafe masa. Tun kafin Hajji na yafe, ƙafata ce ta ƙi tsallaka lungu. Na yayata kuwa, su biyun suna gaban Allah yanzu, ba bakina a ciki."

Babana ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Aka shafa fatiha, ya juya ya koma gida.

Kaka bai ji wannan magana ba. Ya riga ta da kwana uku.